Aguwar da Aka Dasa Cikin Damina

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan hankalina bai kwanta da bayan ɗakina ba. Gidan su maigidana shi ne na ƙarshe a gabashin garinmu, daidai inda ƙoramar da ke gangarowa daga tudu take yin gwiwa kafin ta faɗa fadama, kuma ɗakin da aka ba ni shi ne na bakin gwiwar. Wata tara a shekara babu komai cikin ƙoramar sai rairayi da kashin awaki. Baƙo zai ce hanya ce. Ni kuwa na gan ta a cike ina ƴar shekara takwas, shi ya sa ban taɓa yarda da shirunta ba.

Kwana bakwai da tarewata na faki ido na ɗauki taɓarya, na auna daga bangon ɗaki zuwa bakin gaɓa. Taɓarya ashirin da uku. Ban gaya wa kowa ba, don amarya da awon ƙasa sai a ce wani abu take binnewa. Kowace shekara in damina ta wuce nakan sake aunawa. Shekarar da na haifi ɗiyata ta fari, goma sha takwas. Bara, tara. Da na gaya wa maigida, ya ce in daina ɗora wa kaina damuwa, gaɓar nan tun zamanin kakansa take nan. Na ce masa gaɓar kakansa tana can tsakiyar rairayi, jakuna na takawa. Ya yi dariya, ya ce na cika tsoro.

Yanzu gero ya nuna, ana wasa magirbi, ni kuma raina a ɓace yake. Daminar bana ta sa na kasa daina tuna wata damina ta shekara ashirin da suka wuce, a bakin wannan ƙorama ɗin dai, don nan garin aka haife ni.

Waccan shekarar ta biyo bayan fari. Rumbunmu ya ƙare tun tsakiyar rani. Da bazara ta shigo, zafi ya kai inda ba a taka ƙasa ba takalmi da rana, ƙadangaru na laɓe gindin randa baki buɗe. Da asuba Inna ta tafi rijiya, ta dawo ta sauya wa anza ruwa. Wanda bai ci anza ba bai san ɗaci ba. Ƴaƴan wani itacen daji ne, sai an jiƙa su kwana da kwanaki ana zubar da ruwan kafin su ciwu, kuma ko an dafa, ɗacin na nan maƙale a maƙogwaro har la'asar. Da rana a dama dusa da tsamiya a kira ta fura. Da maraice a sake anza. Cikina kullum yana ƙugi kamar an sa kwaɗo a ciki.

Cikin wannan hali Kaka Dije, uwar babana, ta ce lokacin aguwa ya yi.

A lokacin kowane gida na da rabonsa na bakin ƙorama, daga wannan itace zuwa wancan. Namu daga wata goriba mai kai biyu ne zuwa gindin kalgo. Gwiwar kuwa, da yake can ruwa ya fi dukan gaɓa, gari duka ke haɗuwa a kanta. Kowace bazara a cike inda shingen aguwa ya yi giɓi. Aguwa itace ce marar kyan gani, rassa masu kauri da taushi, in ka sare ta sai farin ruwa ya fito kamar nono. Akuya ba ta damu da ita ba, ba a girki da ita, shi ya sa ba mai sace ta. Amma saiwarta na riƙe ƙasa.

Baba ya ce a bari bana, mutane ba su da ƙarfin ɗaga dagi, a jira shekara mai albarka. Kaka tana zaune tana tsince anza, ko kai ba ta ɗaga ba.

"Mamman, ita ƙorama ba ta san kana jin yunwa ba. Tashi."

Ya tashi.

Mu mata da yara muka bi tsofaffin shingaye da adda muna sarar rassa, kowane tsawon kamu ɗaya. Kaka na biye da mu tana faɗa, kada wanda ya sosa ido da hannun nan. Ni takan kira ni Kunnen-zomo, wai ko ganye ya faɗi sai na zabura. Muka kwaso rassan, na ɗauka bakin ƙorama za mu kai su, sai ta sa muka jera su ƙarƙashin rumbu cikin inuwa. Kwana bakwai suna nan. Bakin saran ya bushe ya yi baƙi, jikinsu ya yamushe kamar hannun tsohuwa. Na ce mata ai sun mutu. Na kuma tambaye ta me ya sa ba za a jira ruwa ya sauka ba, kamar yadda ake yi wa gero.

Ta ce aguwa ba gero ba ce. In ka sa ta cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa da nononta a baki, ruɓewa take daga ƙasa. Sai ta bushe, ta shiga ƙasa mai zafi, ta zauna kamar matacciya, sannan ruwan sama na farko ya zo ya tashe ta. Ta maimaita mini sau biyu, ta sa na faɗa da bakina.

Ranar dashe maza suka fito da dagi tun rana ba ta yi zafi ba. Ƙasar gaɓa ta yi tauri, in an buga sai ƙarfen ya yi tsalle. Mutum ya haƙa rami uku ya zauna yana haki. Na ga Baba ya ɗaure cikinsa da rawani. Ba kiɗa, ba tuwon gayya, ruwan tsamiya kawai aka zagaya da shi a ƙwarya. Layi biyu aka yi, mu muna miƙa rassa, tsofaffi na take gindin da diddige. Da ruwa ya sauka daga baya aka tono ciyawar gamba aka dasa tsakanin layukan.

Akwai kuma dokar rairayi. Mace in tana son rairayin zubawa a ɗaki, sai ta haye can ƙetare, cikin gwiwa, inda ƙorama da kanta take ajiye shi. Ba a ɗiba a gindin gaɓar gari. Na ga wata amarya baƙuwa ta cika ƙwaryarta a nan kusa, tsofaffin mata suka tare ta, suka sa ta koma ta juye shi inda ta ɗebo, suna mata waƙa. Ta yi kuka. Mu yara muka yi ta dariya, ba mu san me ake karewa ba.

Ruwa ya zo a makare, amma ya zo. Ƙanshin ƙasa na ranar farko har yanzu in na tuna sai yawu ya taru mini. Aka yi shuka, aka shiga noma da yunwa. Tafasa da yaɗiya suka fito, muka huta da anza. Rassan nan da na ce sun mutu suka fitar da ƙananan ganye.

Ranar da ruwan ƙorama ya zo, ko ɗigo bai sauka a garinmu ba. Rana tsaka ce, muna gona, sai dai can gabas bisa tudu sama ta yi baƙi tun hantsi. Akwai wani Bafulatani, Altine, da rugarsa ke bakin tudun. Shi ya fara kwarara ihu. Mai gonar da ke ƙasa da shi ya karɓa, na gaba ya karɓa, har ya iso gari: a fita ƙorama, ruwa na tafe. Matan da ke wanki a ƴan kududdufan ciki suka kwashe kaya, aka kore awaki, har aka samu lokacin komawa ɗauko wani jakin da aka ɗaure.

Sannan muka ji shi, kamar ana jan busasshiyar fata a ƙasa. Gabansa kumfa ce da karare da kashin shanu, har da maciji a kan wani reshe. Ruwan baƙi-baƙi ne, mai kauri. Bai zo da gudun hauka ba, don a lokacin tudu cike yake da geza da sabara, kowane gindi na rage masa ƙarfi. Ya yi ta hawa. Ya kai shingen aguwa, ya shiga cikinta, ya wuce ta. Duk abin da ya ɗauko sai ya maƙale a rassan, shingen ya zama kamar an yi masa yaɓe. Sababbin da muka dasa da yawa sun tafi. Tsofaffin layukan da ke bayansu, na shekara da shekaru, su suka tsaya.

Kwana uku ruwan yana tsaye. Fadama ta zama tabki, kawunan goriba kaɗai ke waje. Gonarmu ta ƙasa, wadda geronta ya fi na kowace kyau, ta nutse duka. Baba ya tsaya a bakin ruwa har rana ta karkata. Sauro ya biyo baya, zazzaɓi ya kwantar da rabin gari, ni ma na yi kwana shida ina ganin rufin ɗaki na juyawa. Ba zan ce da can daɗi ake ji ba. Mun sha wuya. Amma ko bango ɗaya bai faɗi a garin ba.

Da ruwan ya fara ja, sai ga abinci. Tarwaɗa ta maƙale a ramuka, mata na kifa kwando suna kamawa. Gaiwa, wadda ke kwana cikin busasshen taɓo shekara guda tana jiran ruwa, ta fito. Burduddugi kuwa, manyan kwaɗin nan, har kan hanya. Balbela ta rufe fadama fari fat. Ranar da Inna ta yi miyar tarwaɗa na lashe kwano har ta ƙwace shi. Inda ruwa ya kwanta ya bar laka baƙa mai santsi, aka dasa dankali da rogo, aka shuka wake da kabewa a kai. Abin da ya cishe mu ke nan har rani ya raba. Kaka ta kai ni bayan shingen aguwa ta soka kara a ƙasa, ta nuna mini sabuwar lakar da ta taru. Taƙi guda. Gaɓar garinmu ƙaruwa ta yi a shekarar.

To yanzu ku ji ta bana.

Kaka ta rasu ina budurwa. Goriba mai kai biyu an sare ta, ba wanda ya san inda rabon gidansu ya fara. Mazanmu da an gama girbi sai su hau mota, wasu Yamai, wasu Kwatano, wasu Legas. Ba na zarginsu da tafiya, gero ba ya kai mu shekara. Amma ba sa dawowa sai an buga waya an ce ruwan shuka ya sauka, wato ranar da lokacin aguwa ya riga ya wuce. Shekara goma sha ana haka. Itacen tudu an sare an sayar. Burtalin da shanu ke bi an nome shi, iyalin Altine suka tashi suka yi arewa.

Sai kuma gini ya tashi a Tibiri, kowa na son siminti, siminti kuma na son rairayi. Rairayin gindin gwiwarmu mai tsakuwa ne, kuma kusa da hanya. Idi, ƙanin maigidana, yana da amalanke da jakai biyu. Shi ya fara sare tsohuwar aguwa ya buɗe wa amalanke ƙofa. Wasu suka biyo shi. Duk rani ina jin ƙarar shebur bayan ɗakina, tun safe har la'asar.

Wata rana na fita na same shi yana lodi, abokansa uku na zaune a inuwa.

"Idi, rairayin ga da kake kwasa, ƙarƙashin ɗakina kake kwasa."

"To mi ne ne? In ya faɗi ki dawo nawa. Dama ke tawa ce, aro na ba Yaya."

Suka kwashe da dariya. Na ce da gaske nake. Ya ce shi ma da gaske yake, har ya sayi katifa.

Nan ne abin ya ɗaure ni. Ƙanin miji abokin wasa ne. Duk abin da na gaya wa Idi, ko zagi ne, wasa ne a kunnen mutane, in na ɗaga murya sai a ce yau wasan ya yi daɗi. Surukina kuwa, mahaifinsu, ba na iya tsayawa gabansa in yi magana, ko sunansa ba na faɗa. Uwar mijina, da muke kira Inna Babba, ta san aikin aguwa sarai, ta yi shi da ƙuruciyarta, amma idonta ya tafi, kuma ta ce kiran gayya na maza ne. Maigida a waya kullum amsarsa ɗaya, in bari ya dawo. Wanda zan iya yi wa magana ba ya ji, wanda zai ji ba na iya yi masa. Abin da ya fi ƙona mini rai, shinkafar da na ci ranaku da yawa cikin ranin nan, da wadda na ba ɗiyana, daga rairayin nan ta fito. Idi ba ya rowa. In ya dawo daga Tibiri har alewa yake kawo wa yara.

Da bazara ta yi na ɗauki adda da kaina, jariri a baya. Na samu wani tsohon shinge a bayan maƙabarta na saro rassa. Nonon ya fantsamo mini a ido, ya kumbura kwana biyu ban ga komai da shi ba. Na shanya su ƙarƙashin rumbu kwana bakwai yadda aka koya mini. Dagin gidan ya ɓace tun tuni, da guntun hauya na yi ta ƙwaƙular ƙasa. Guda goma sha shida na iya, tafin hannuna duk ya fashe. Kwana huɗu suka yi. Amalanke ya bi ta kansu. Ba da mugunta ba, nan ce hanyarsa. Tun daga ranar nan Idi ya sa mini suna Madam Furoje, wai ma'aikaciyar shirin dashen itace, yara suka ɗauka.

Ruwan ƙorama na farko na bana ya tafi da dangarmu da makewayi da zogale uku. Tara ta koma biyar a yini ɗaya. Lokacin maza duk suna gida, suka fito suka ga gaɓa a tsaye kamar an yanka da wuƙa, hankalinsu ya tashi. Aka yi shawara a ƙofar masallaci, aka ce ai iyayenmu aguwa suke dasawa, a kira gayya. Da na ji, na ce alhamdu lillahi sun tuna, na ɗauka shirin bazara mai zuwa ake. Ashe jibi suke nufi.

Ranar suka fita da safe suka saro aguwa amalanke biyu, suka kawo ta tana ɗigar nono. Ƙasa jiƙe sharkaf, ko dagi ba a nema ba, da hannu ake soka ta cikin taɓo. Na ajiye kunya na fita har bakin gaɓa. Na durƙusa daga gefe na ce a yi haƙuri, wannan ba za ta kama ba, sai an shanya ta, kuma sai cikin bazara. Wani daga cikinsu, wanda ya taɓa zuwa horon aikin gona a Dutsi, ya ce ko gwamnati cikin damina take dashen itace, ina aka taɓa dasa abu cikin busasshiyar ƙasa. Na ce wannan na ƴan itatuwan leda ne masu saiwa. Idi ya ɗaga murya ya ce a ba Madam Furoje hanya ta duba aiki. Aka yi dariya. Maigida ya yi mini ido in koma ciki.

Na koma. Ni da matan unguwa muka dama furar gayyar, ni na ɗauke ta a kai na kai musu. Suka jeru bayan layin aguwa aka ɗauki hoto da waya, aka tura wa ƴan garinmu da ke waje. Duk yinin saƙo na shigowa, masha Allah, an yi ƙoƙari.

Kwana goma. Gindinsu ya yi baƙi ya yi laushi, in ka ja sai ya zo hannunka kamar ruɓaɓɓiyar kuɓewa, da wari. Ba wanda ya ɗauki hoton wannan.

Ruwa na biyu ya zo da hantsi, rana na haske. Kowane gida akwai waya, amma ba kowa bisa tudu da zai gani ya kira. Ina daka a tsakar gida, jaririn na barci. Ɗiyata ta fari, shekararta biyar, tana bayan madafa tana gina ƴan tukwane da taɓo. Na ji wani sauti ƙasa-ƙasa, na tsayar da taɓarya. Maƙwabciyata ta ce babur ne. Ban amsa mata ba, na ruga.

Ruwan ja ne, yana tafe da gudu kamar an kore shi, yana dukan gindin gaɓa daidai inda aka yi rani ana kwasa. Tsakanina da yarinyar ƙasa ta riga ta tsage, tsaga siririya kamar zare. Tana zaune ta ba ni baya. Na miƙa na damƙi hannunta na fizgo da duk ƙarfina, muka faɗi tare. Inda take zaune ya sauka gaba ɗaya, a hankali, da ƴan tukwanenta a jere a kai. Madafa ta bi, da murhu da tukunyar da na ɗora. Yarinyar ta yi ƙara, na duba, kafaɗarta ta goce. Ni na goce mata ita.

Mutane suka taru. Idi ya iso da gudu, ya tsaya yana kallon ramin, ya ce Allah ya kiyaye gaba. Na miƙe da yarinyar a hannu, gaban surukina, gaban kowa.

"Idi, dube ni. Yau ba wasa nake ba. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na ji, Yaya." Bai taɓa kirana haka ba.

Shi ya ɗauke mu a amalanken nan zuwa wurin mai ɗori. Duk hanya tana kuka, shi ma yana share ido da hannun riga. A ƙasan amalanken akwai sauran rairayi, a kansa na zauna.

Kafin la'asar ruwan ya wuce, kamar ba a yi ba. Ba ya tsayawa yanzu. Da na je fadama daga baya, gonar Baba ta ƙasa, inda muka haƙi dankali, rairayi ne fari har gwiwar ƙafa. Ba laka, ba tarwaɗa. Ɗiyata ba ta taɓa ganin gaiwa ba, in na ba ta labari sai ta ce tatsuniya ce. Masu zuwa jaje kowa na cewa ƙaddara, ruwa na Allah ne. Na yarda, ruwa na Allah ne. Shebur ɗin fa, na wa ne? Addar da ta sare shingen fa?

Idi ya yi mako biyu bai taɓa gaɓar ba. Yanzu ya koma, ya ɗan matsa ƙasa kaɗan, wajen gidan wasu. Ya ce mini ƙetare da nisa, jakai ba sa iya jan kaya cikin rairayi mai zurfi. Ba ƙarya ya yi ba. Ba ya kuma tsokanata, gaisuwa kawai.

Abin da ya rage bayan ɗakina bai kai tsawon taɓarya biyu ba, kuma bangon ya tsage daga sama. Makon jiya ni da maigida muka cire ƙofa da azara, muka kwashe kwano. Ni da yara muna kwana ɗakin Inna Babba. Ko gobe aka dasa aguwa yadda ya kamata, sai ta shekara uku ko huɗu kafin ta riƙe wani abu, wannan na sani. Ɗakina ya tafi, na daina yi masa kuka. Amma daga shi sai ɗakin da muke kwana yanzu, da tsohuwar da ba ta gani balle ta gudu. Daga shi sai rijiyar unguwa. Yarinyar hannunta ya warke, sai dai in babur ya wuce ta bayan gida takan saki abin da ke hannunta ta ruƙunƙume ni.

Ga shi an fara girbi, maza sun fara wanke jakunkunan tafiya. Maigida ya ce in sha Allah bana zai dawo da wuri. Bara ma haka ya ce.

Roƙona ɗaya ne gare ka mai karanta wannan, in kai ɗan garinmu ne, ko ɗan wani garin da ke bakin ƙorama. Kada ka jira a kira ka a ce ruwan shuka ya sauka. Ka dawo gida cikin bazara, lokacin da zafi ya fi tsanani, ko kwana goma ne. Mu mata za mu saro aguwar, mu shanya ta, ka iske ta a shirye. Ramin ne ba mu iyawa, ƙasar ta fi ƙarfin hannunmu. Kada ka aiko da sannu a waya. Ka zo da kanka, ka zo da dagi.